Kira Mai Shekara Ɗari Biyar da Arba'in da Uku

Kamfaninmu a Chiang Mai amsa waya yake yi a madadin otal-otal. Manyan kwamfutoci biyu ne ke karɓar kira, suna naɗar murya, suna manna wa kowane kira kwanan wata da lokaci. Tsohuwar tana rubuta shekara da lissafinmu na Buddha, 2567. Sabuwar, wadda aka sayo daga waje, 2024 kawai ta sani. Haka suke zaune, babu wanda ya mutu, har aka naɗa Khun Bunloet shugaban sashen na'urori. Khun laƙabin girmamawa ne a wurinmu, ga mace ko namiji.

Khun Bunloet mutum ne mai jera alƙalumansa bisa tsayi. Da ya ga shekaru iri biyu a allo ɗaya sai ya dafe ƙirji, ya kafa kwamiti. Zaman farko ya ƙare a kan ko ɗigo za a sa tsakanin wata da rana ko ɗan layi. Ni mai kula da ƙorafin ma'aikata ne, an sa ni ciki don kada kujera ta zauna babu kowa.

A makon ne wani baƙon otal ya yi ƙarar Duangjai, ɗaya daga cikin masu amsa wayarmu, wai ta zage shi. Otal ɗin ya ce a kore ta. Ita kuwa ta ce shi ya zage ta, har da uwarta. Abin mai sauƙi ne: muryoyin biyu suna cikin tsohuwar kwamfuta, kuma manaja ta sa Litinin don a saurara.

Duangjai ta same ni ina cin taliyar khao soi a bayan ofis. Phi take ce mini, wato yaya, ni kuma in ce mata Nong, wato ƙanwa.

"Phi, ka ciro mini kiran nan yau mana. Barci ya gagare ni."

"Nong, mabuɗin yana hannun Khun Bunloet. Ya ce ba mai taɓa na'ura sai ya gama gyara."

"Me ya lalace?"

"Ba komai. Shi ya sa gyaran ke ɗaukar lokaci."

Ranar Juma'a ya gama. Ya mayar da kowane kira na tsohuwar kwamfuta 2024: shekara, wata, rana, ɗan layi a tsakani. Ya raba wa 'yan kwamiti kek. Abin da kwamitin bai samu zama a kansa ba shi ne, cikin tsohuwar akwai wata manhaja mai shara, wadda ke goge duk muryar da ta wuce wata uku. Ita ba a gayyace ta taro ba, a wurinta yau 2567 ce. Ta duba, ta ga kiraye-kiraye masu shekara ɗari biyar da arba'in da uku. Ta yi aikinta tas.

Litinin muka taru a ofishin manaja, Khun Saowalak.

"Kunna mana," ta ce.

Khun Bunloet ya gyara wuyan riga. "Akwai ɗan sakamako na sauyin tsari."

"Ina kiran?"

"Na'urar ta ɗauke shi tsohon kira ne."

"Ranar Talata fa aka yi shi," in ji Duangjai.

"A fahimtarki ke nan." Ya juyo mana da allo, inda sunayen kiran da aka goge suke jere har ƙasa. "Amma ku dubi rahoton gogewar. Kowane layi tsawonsa ɗaya. A da, wa zai iya karanta wannan?"

Khun Saowalak ta duba, har ta ɗan gyaɗa kai. Na ce a kira abokan zaman Duangjai su ba da shaida. Ta ce otal murya ya nema, ba ƙawaye ba, kuma otal ɗin babba ne. Ta ce tana baƙin ciki ƙwarai, cikin muryar da muke koya wa sabbin ma'aikata.

Duangjai ta cire katin aikinta daga wuya ta ajiye a kan tebur. A bakin ƙofa ta juyo.

"Khun Bunloet, wace shekara za ku rubuta kun kore ni? Ina so in san ko an haife ni tukuna."

Ya yi tunani da gaske kafin ya amsa.

"2024. Shekara tukuna, sannan wata, sannan rana."