Matakin Yara

"Na sake cinye shi," in ji Baba Mai Agogo, fuska a yamutse kamar ya tauna maɗaci.

Tela ta ajiye masa ruwan zafi, ta ja gefen gyale ta toshe hanci. Ɗakin maƙwabcin nata sai zarni da tsamin kwanonin da ba a wanke ba. A kan cinyarsa ga darar lantarkin nan mai sarki da doki, wadda ake karawa da inji. Tun da ya bar gyaran agogo ita ce abokiyar hirarsa, kullum kuma ita ke lallasa shi. Yanzu da hannu ke rawa, wai shi ke ci.

"'Yar nan, gaya min gaskiya. Ƙwarewa na yi, ko kaina ne ya tafi har ban san abin da nake yi ba?"

Ta fito ta tarar da ɗansa a bakin ƙofa yana latsa waya.

"Kai ka taɓa masa inji?"

"Matakin yara na mayar da shi, Anti. Ni nake ɗaga masa 'ya'yan darar, wasa ya ƙi ƙarewa. In ya ci da wuri sai in kama gabana."

Tir! Sai ta ji warin ɗakin ma ya fi mata daɗi a kan tsayuwa kusa da shi. Uba yana can yana tsoron hankalinsa ya gushe, ƙato yana nan yana tattalin lokaci.

Ta koma ciki ta faɗa wa tsohon komai. Ya ce, "Danna maɓallin gefe, har 'yar jar fitilar nan ta kai matakin ƙarshe."

Ya riƙa faɗar inda za a kai 'ya'yan, tana ɗaga masa. Kafin ruwan ya huce injin ya ritsa sarkinsa.

Baba ya yi dariya har da tari. "Yawwa, ɗan banza, ka dawo! Dokin nan ne na yi sake da shi. Na gani, 'yar nan. Kaina yana nan."

Da safe ta same shi ya cika. Ɗan yana tsakar gida yana ta rusa kuka gaban mutane, ko kallonsa ba ta yi ba. Allon yana gefen katifa, an jera 'ya'ya tsaf, soja ɗaya ya matsa gaba, injin ya ba da amsa. 'Yar jar fitilar tana ta ƙiftawa, tana jiran wasansa.