Kantar Sama

Hular Malam Sharafaddeen ta faɗi ƙasa bai ma sani ba. Ya ɗaga kai ne yana kallon kantar da ta fi kowacce tsawo a shagon littattafan Alhaji Abdulrahim, can dab da kwanon rufi, inda aka jera Alƙur'anai masu ruwan zinare. A gefensu ga littafinsa, kwafi arba'in, da koren bango. Shi tela, wanda iyakarsa keken ɗinki da karatun zaure, yau rubutun hannunsa ke maƙwabtaka da tafsiri. Tsoro da daɗi suka haɗu masa wuri guda.

Shekara tara ya yi yana rubuta shi da ajami. Ya bi unguwar Miskine gida-gida a cikin kansa, ya rubuta mutanen da suka zauna can kafin rikici ya watsa su: wanda kakansa ya zo daga Damagaram da kanwa, wanda ya yi aure cikin 'yan ƙasa, wanda ya hau motar Kamaru bai dawo ba. Burinsa ɗaya ne, jikokinsu su karanta kafin shi ma ƙasa ta rufe idonsa.

Alhaji ya gaya masa gaskiya cewa bai karanta ba, amma da ya ga bisimilla da baƙaƙen Larabci ya san ba littafin ƙasa-ƙasa ba ne. Malam ya yi ta godiya.

* * *

Duk Juma'a in an sauko daga Masallacin Koudoukou sai ya biya ya tsaya a ƙofar shagon, ya kalli sama kamar mai duban wata. Arba'in ɗin nan ba su motsa ba. Kantar da ke daidai ido kuwa kullum cikin hidima take, cike da littattafan Faransanci masu sheƙi da ake kawowa daga birnin Douala na Kamaru, na marubutan da ake jin sunansu a rediyo. Su ake ɗauka, a juya, a shinshina, a saya. Mutumin wannan unguwa ta Kilomita Biyar dai ba ya ɗaga kai sama sai in hadari ya haɗo.

'Yarsa Ikram ce ta fasa ƙwan. "Baba, wai karrama ka aka yi ko ɓoye ka?"

Ya yi mata faɗa, amma maganar ta zauna masa. Juma'ar da ta biyo, bayan doguwar gaisuwa da kewaye-kewaye, ya roƙi Alhaji ya sauko da ko kwafi ɗaya ne inda ido zai gani.

"Haba Malam," in ji Alhaji a hankali. "Nan kowa taɓawa yake, mai alwala da marar alwala, mai kifi da mai gawayi. In ɗora labaran soyayyar Turawa a kan sunan Allah? Ba dai da hannuna ba."

Malam ya san shi ma da shagonsa ne abin da zai yi ke nan. Har kunyar roƙon ya ji.

* * *

Damina ta zo ta wuce. Wata mata mai suna Ikilima ta dawo daga gudun hijira, ta ji a bakin Ikram cewa sunan mahaifinta yana cikin wani littafi. Malam da kansa ya rako ta shagon, yana sauri kamar saurayi. Alhaji ya jingina tsani, ya yi bisimilla, ya hau.

Littafin ya sauko da nauyi, a kumbure. Ashe kwanon yana yoyo daidai wurin. Alƙur'anan suna cikin ledarsu ta kamfani, ruwa bai taɓa su ba, amma korayen littattafan duka arba'in sun sha sun bushe, takardun sun manne kamar tubali. Malam ya san shafin da mahaifin Ikilima yake. Ya sa farcen babban yatsansa, wanda ya saba ɓare ɗinki, ya lallaɓa. Takardar ta ɓantaro da baƙin tabo, babu harafi ɗaya da za a iya karantawa.

Ikilima ta karɓa da hannu biyu. Ta sumbace shi, ta ɗora a goshi, ta ce wannan ba ƙaramin aiki ba ne, Allah ya saka da alheri. Sannan ta miƙa wa Alhaji cikin ladabi.

Alhaji ya goge bangon da hannun rigarsa, ya sake hawa don mayar da shi mazauninsa. Malam Sharafaddeen ya riƙe masa tsanin kada ya zame.