Jar Saniyar Fasto Istifanus

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, mutanen rugar da ke bayan Burkusuma suka yanke shawarar kora abin da ya rage na shanu su yi kudu. Kowa ya shiga ɗaure ƙore da tabarmi. Habi kuwa, matar marigayi Illo, igiya ta ɗauko ta zarga wa jar saniyar nan da ake kira Woɗe, ta ce ita Sabon Birni ta nufa.

Woɗe ba tasu ba ce. A wani fari da aka yi shekarun baya shanun Illo suka ƙare ƙaf, har ya koma tallar itace a kasuwar Sabon Birni, yana tafe kai a sunkuye don kada ya haɗa ido da wanda ya san shi. Can ya gamu da Fasto Istifanus, wani gajeren mutumin ƙasar Zuru mai coci ɗaki guda a bayan kasuwa, ga shi da tambaya kamar alƙali. Bai bar Illo ya huta ba sai da ya ji yadda Fulani ke tayar da wanda ya faɗi: a ɗaura masa karsana, ya yi kiwonta har ta haihu sau uku, 'yan maruƙan nasa ne, uwar kuma a mai da wa mai ita. Sunan abin habbanaye. Fasto ya sayar da kekensa ya sayo karsana, ya kawo ta ruga da ƙafa, yana ta ɓarin Fulatanci mata na riƙe ciki don dariya. Daga ranar har mutuwa ta raba su, bai taɓa ce wa Illo bar sallarka ba. In lokaci ya yi ma, shi ke miƙo buta.

To, Woɗe saniya ce mai nawa. Sai da Illo ya rasu, Fasto ya bi shi bara, sannan ta yi haihuwa ta uku, kuma yanzu an yaye maraƙin.

Jibrilla, ƙanen Illo, wanda ruga ke hannunsa, ya tare Habi a bakin hoggo, wato shingen shanu.

"Adda, hankalinki ɗaya? Wagga saniya ita kaɗai ka ɗigo da nono. Mai ita ya mutu, kuma habbanaye tsakanin Hilani aka yin ta. Shi ba namu na ba, ba addininmu guda ba."

"Ranad da yak kawo ta ba ka tambayi addininai ba," in ji Habi. "Nonon kash sha, har da tanɗe ƙwarya. Rabin shanun ga da kaka alhwahari da su jikokinta na."

"In kin tahi ba mu jiranki."

"Wa yac ce ku jira ni? Za ni maishe ta. Ba a cewa ɗakin Illo ya ci habbanaye ina da rai."

Ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro ya kama ta, don mace mai shekarunta ba ta san inda za ta sa kai ba in ruga ta tashi. Amma ko waiwaye ba ta yi ba.

Hanya duk gawar dabbobi ce da ungulaye. Woɗe ta zama ƙashi da fata, tana tafe tana layi. Habi ta riƙa kakkaɓo mata 'ya'yan gawo da sanda, ta kan jiƙa bakin zane a ruwan gora ta matse mata a baki. Mahauta suka tare ta a gefen gari suna taya saniyar kamar kaza, ta watsa musu kallon da ya sa suka kauce.

Harabar cocin cike take da mutanen ƙauye da yunwa ta koro. Rifkatu, matar Fasto, tana tsaye kan tukunyar kunu tana rabo da ludayi, yadda mijinta ya saba yi. Saura taku kaɗan su isa gare ta, Woɗe ta durƙushe, ta kwanta.

Rifkatu ta taho da gudu. "Habi! Cikin wannan masifa kika kawo ta? Wallahi da kin riƙe, shi kansa da cewa zai yi ki riƙe. To miƙo igiyar, na karɓa."

Habi ta ɓoye igiyar a bayanta. "A'a. Tsaye mijinki yak kawo muna ita, tsaye za ni ba ki ita."

Ta kama wutsiya ta ja sama iya ƙarfinta, tana kiran saniyar da muryar da take kiranta lokacin tatsa. Shiru. Ta juya kan mazan da ke zaune da ƙorensu.

"Kunun gidan Istihwanus kuka sha kuna kallona? Ku tashi!"

Kunya ta tashe su. Suka zura tabarya biyu a ƙarƙashin cikinta, suka ɗaga gaba ɗaya. Woɗe ta miƙe tana karkarwa, suka zare tabaren a hankali, ta tsaya da ƙafafunta.

Habi ta damƙa wa Rifkatu igiya, ta ɗaga murya yadda har 'yan bakin kasuwa za su ji.

"Jama'a ku shaida! Habbanayen Istihwanus ta dawo gida da ranta. Duk wanda yag ga Jibrilla, shi hwaɗa mai!"

Rifkatu ta riƙe igiyar tana hawaye, ta dubi saniyar, ta dubi yaran da ke lasar ƙwarya. Ta ce a kira Maliki mahauci ya sa wuƙa, don kowa a harabar, Musulmi da Kirista, ya iya ci. Sannan ta tambayi Habi a hankali ina mutanenta suke.

"Sun tahi," in ji Habi. "Ba ni ludayin in taya ki rabo, in juya baya. Ba ni iya kallon yankanta."