Igiyar Agwagwa

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ko a gida ni ce wadda kullum ake ce wa ta ɗaga murya ba a ji. Amma abin ya ƙi barin raina, shi ya sa na zauna.

Ɗan Yayata, wanda muke kira Gajere, bai cika shekara uku ba ya faɗo daga dakalin ƙofar ɗaki, ƙashin ƙafarsa ta hagu ya tsage. Aka ɗaure a asibiti. Da aka kwance, likita ta ce ƙashi ya haɗe sarai, saura ya taka. Shi kuwa ya ƙi. Da an tsayar da shi sai ya naɗe ƙafar kamar zakara a ruwan sama, ya fashe da kuka. Likita ta ce idan muka koma bai fara takawa ba, kwantar da shi za a yi, a riƙa lanƙwasa ƙafar ana miƙewa don kada ta sandare. Yaya ta taɓa wucewa ta ƙofar ɗakin da ake yin haka, ta ji ihun yara.

Daga nan gidanmu ya rasa sukuni. Yaya ta share tsakar gida, ta dawo ta sake sharewa. An gwada alawa, an gwada lallashi, an gwada tsawa. Inna, mahaifiyarmu, takan tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"Maigida, haka za ka zauna ina ciyar da kai? To ni miji zan sake."

Ya yi dariya, ya ja gindi ya bi ta.

Babanmu kafinta ne, shagonsa a gaban gida yake, ni nake share masa garin katako. Nan ake shimfiɗa wa Gajere tabarma da hantsi. Baba yana da wata ɗabi'a: ba ya yi wa mutum kujera ko tebur sai ya auna shi. Zai tsayar da shi, ya ce miƙe sosai, ya ja tef daga gwiwa zuwa ƙasa, ya zana a jikin katako da fensirin bayan kunnensa. Gajere ba ya ƙiftawa idan ana wannan awo.

Ni dai na ga yara na jan abin wasa da igiya, suna tafiya suna waiwaye. Na ce ko zai bi irinsa. Kunya ta hana ni tambayar Baba, sai na riƙa ɓoye guntayen katako a bayan buhun ƙusa. Wata rana da zai fita na tarar ya bar ƙaramin zarto da samfefa ta gogar katako da abin huda a kan buhun.

Agwagwa na zana, don ita ce na iya. Wuyan farko ya karye a hannuna. Na biyu ya fito da kauri, na bar shi haka. Tayoyi na yanko daga tsohuwar ƙafar tebur mai zagaye, ɗaya ta tsage wajen hudawa, na yanke yatsa, na ɗaure da tsumma na ci gaba. Ina aiki ina leƙen ƙofa, ina jin motsi in tura komai ƙarƙashin benci. Na goge ta har ba inda zai soki yaro. Ban shafa fenti ba, saboda Gajere komai baki yake kaiwa. Sai na yanka tsohon silifas na kafa a jikin tayoyin, yadda in ta gangara za ta riƙa yin fat, fat, fat kamar tafin agwagwar gaske. Na ɗaura igiya, na ja ta a lungun bayan shago, na kai na dawo. Ta yi daidai da hannuna.

Da la'asar na ajiye ta a tsakar gida, na miƙa masa bakin igiyar. Kowa ya fito. Ya ja, agwagwa ta yi fat, fat, ya ƙyalƙyale da dariya. Ya sake ja da ɗaya hannun. Yana zaune daram ya jawo ta tun daga bakin randa har cinyarsa, sannan ya tura ta ya sake jawowa.

"Ai kuwa mun samu mai jan guga," in ji Inna.

Ba wanda ya yi dariya sosai. Yaya ta juya ta shige ɗaki. Jibi ne komawa asibiti.

Baba ya sunkuya ya ɗaga igiyar, ya bi ta da hannu har ƙarshe.

"Auta, wa kika auna?"

Na ce kaina.

"To ai kanki kika yi wa agwagwar, igiyar ta yi masa tsawo."

Ya koma shago. Na tsaya da igiyar a hannu, kunnuwana suna zafi. Abinci ma a tsaye na ci, na wanke kwanukan da an riga an wanke.

Washegari da safe na ɗauki tef ɗin Baba da almakashi, na soke fensiri a bayan kunne. Na tarar da Gajere a tabarma kusa da benci, agwagwa a cinyarsa. Na gyara murya, na yi irin ta Baba iyakar iyawata.

"Maigida, an zo awo. Miƙe sosai."

Ya dube ni, ya dubi tef. Ya kama benci ya tashi, ya turo ciki gaba kamar masu zuwa sayen kujera. Ƙafa biyu a ƙasa. Na ga Yaya a bakin ƙofa ta buɗe baki, na girgiza mata kai. Na ja tef daga hannunsa zuwa ƙasa, a hankali, na sake aunawa don ya daɗe a tsaye. Sannan na yanke igiyar daidai awonsa, yadda agwagwa ba za ta bi shi ba sai ya taka, na ƙulla madauki a bakinta, na sa masa a hannu. Na ja da baya har ƙofar shago, na tsuguna, na jira.