Yidakin Kawun Bangadi

Da makaɗan birnin Darwin suka gayyaci Bangadi ya yi busa tare da su, sai ya ɗauko yidakin kawunsa, doguwar sandar busa da gara ta rarake cikinta. Kawun bai daɗe da rasuwa ba, don haka, bisa al'adarsu, har yanzu ba a ambatar sunansa a garinsu. Yayarsa Galikali ce ta rako shi, tana ta mita a mota cewa kayan mamaci bai isa fita ba tukuna.

Tun gwajin farko shugabar makaɗan, wata Baturiya mai suna Maureen, ta tsayar da kiɗan. Ta ce muryar yidakin ta ɗan yi ƙasa da ta masu goge, ko zai yiwu a rage tsawonsa kaɗan?

"Ƙanena, kai ma dogo ne," in ji Galikali. "A rage ka mana."

Bangadi ya yi dariya, amma ya ari zarto ya datse bakin sandar kamar faɗin yatsa biyu.

Washegari da hantsi muryar ta zauna daidai. Suna tsakiyar gwajin kiɗa aka zo inda zai yi shiru. Ya ɗauke bakinsa, ya ɗora sandar a cinya, amma gurnanin bai tsaya ba. Tsohuwar muryar ce, mai kauri, tana fitowa ta ƙarƙashin daɓe, har da ɗan tarin nan da kawu yakan yi in zai ja numfashi. Masu goge suka sauke hannu ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo mai babban goge ya danne tsirkiyarsa da tafi, ya ce rawa take yi da kanta. Maureen dai bakin Bangadi take kallo, wanda ke rufe.

Can sautin ya ɗauke. Maureen ta ce a hankali kowa ya sassauta tsirkiyarsa.

Aka yi wasan da aron wani yidakin, jama'a suka yi tafi. Da suka isa gida, gwaggonninsa na zaune a ƙarƙashin mangwaro, sun shafe jiki da farar ƙasar makoki, alhali babu wanda ya aika musu labarin abin da ya faru. Babbarsu ta karɓi sandar ta rungume kamar jariri.

"Ɗana, ina guntun?" ta tambaya.

Guntun da ya datse, Bangadi ya baro shi a kwandon shara a Darwin. Ya juya mota ko ruwa bai sha ba.