Shekara Huɗu a Bencin Baya

Shekara takwas ban taka cocin ƙauyenmu ba. Na bar gida ina Markus, bayan na gama sakandare a Doguwa, na je na kama facin taya a Kwanar Ɗangora. A can na zama Jamilu. Ba wanda ya tilasta mini. Ina son Rufaida, 'yar wani manomi a Ƙofa, babanta kuma bai ɓoye mini ba tun ranar farko cewa ba zai ba Kirista 'yarsa ba. Na musulunta, aka ɗaura aure, muka haifi Ikram. Auren bai wuce shekara uku ba. Ba addini ne ya kashe shi ba, halina ne. Ta koma gidansu da yarinyar, ni kuma na zauna tsakanin tayoyi, ba salla, ba coci.

Yayana Ɗanasabe ne ya same ni a rumfa farkon damina. Bai ko sauka daga babur ba ya ce Inna ba lafiya, ciwon hanta ne, likita a Tudun Wada ya ce su koma gida su riƙa lallaɓa ta. Sai ya kashe babur ɗin, ya faɗa mini abin da duk gidanmu suka ɓoye mini.

Ranar sunan Ikram, Inna ta zo Ƙofa. Na tuna. Ta goya jaririyar, ta ci naman suna, ta ƙulla saura a leda ta kai wa maƙwabta. Lahadin da ta biyo, Malam Sale, katikis ɗin cocinmu, ya karanta sunanta a gaban jama'a. Ya ce ta sa hannu a ɓatan ɗanta, don haka ba za ta ƙara karɓar Jibin Ubangiji, gurasar tsarki da ake ba masu ibada, ba sai ranar da ɗan ya dawo. Aka sauke ta daga shugabancin zumuntar mata. Tun daga ranar take zama a bencin baya, kusa da ƙofa, inda masu jarirai ke zama.

"Shekara huɗu ke nan," in ji Ɗanasabe. "Ita ta hana a faɗa maka. Ni dai na gaji."

Washegari na rufe rumfar.

Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar iri, cikinta ya kumbura, wuyanta ya zama kamar kara. Ta dube ni ta ce na rame. Ta ce in nuna mata hoton Ikram a waya, ta daɗe tana kallo. Ba ta ce in dawo coci ba, ko sau ɗaya. Da na tambaye ta ko ta yi nadamar zuwa sunan, sai ta ci gaba da ɓara.

"Jikata ce," ta ce. "Ko gobe aka sake suna, da ƙafata zan je."

Ban san ko don Allah na dawo ba. Na san dai Lahadin farko na zauna kusa da ita a bencin baya, aka fara addu'a, bakina ya kama da kansa ba tare da ya nemi izinina ba. Abin ya ba ni haushi, ya kuma sa ni hawaye. Na sunkuyar da kai don kada a gani.

Cocinmu ba shi da Fada, wato babban limamin coci, na zaune. Malam Sale ke jan addu'a kowace Lahadi, Jibi kuwa sai ranar da Fada ya zo, sau ɗaya a wata biyu ko uku. In ruwa ya zauna, rafin da ke tsakaninmu da titi yakan cika, babur ba ya ƙetarewa sai kaka. An ce Fada zai zo Lahadin ƙarshe ta watan Yuni. Daga nan sai Oktoba.

Na je gidan Malam Sale na durƙusa na gaishe shi. Shi ya koya mini addu'o'i ina yaro, da tsumagiya a hannu. Ya bar ni a durƙushe ya gama gyara ƙotar fartanyarsa, sannan ya tambaye ni da wane suna zai kira ni. Na ce Markus. Ya ce to, a gani a ƙasa. Ya sa ni sharar coci kowace Asabar, da maimaita tambayoyin da na haddace tun ina ɗan shekara goma. Na yi. Duk abin da zai ɗaga Inna daga bencin nan zan yi.

Fada Ilisha ya iso da hantsi, wandonsa duk taɓo. Matashi ne, shekararsa ɗaya a yankin. Ya sa kujerar roba a gindin ɗorawa don masu furta zunubi. Na durƙusa na zazzage masa shekara takwas. Na ɗauka zai ce sai na yi wata shida ina jira. Ya yi mini 'yan tambayoyi, ya sa na faɗi bangaskiyata, ya ba ni addu'ar da zan yi, ya sa mini albarka. Ko minti goma sha biyar ba a yi ba.

Kafin in tashi na tambaye shi ko yanzu Inna za ta iya karɓa, tun da na dawo. Bai gane ba. Da na ba shi labarin, ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya ce babu doka irin wannan a Katolika, ba a taɓa yin ta ba. Uwa ta je ganin jikarta, ina laifin? Katikis ba shi da ikon hana kowa Jibi. Wanda ya gabace shi ma, in ji shi, da wuya in ya san da maganar, don ba wanda yake duba wanda ya zauna a baya.

Ya aika aka kira Malam Sale. Bai yi masa faɗa a gabana ba. Ya ce masa kawai ya gyara maganar a gaban jama'a, yau. Malam Sale ya cire hula ya ce, "To, Fada."

Na sami Inna ta riga ta zauna a wurinta, ta sa zanen zumunta da ta daɗe ba ta ɗaura ba. Na raɗa mata duk abin da Fada ya ce. Ba ta yi murna ba, ba ta yi fushi ba. Ta ce a gaban mutane aka kira sunanta aka zaunar da ita, a gaban mutane za a sake kira. In ta ji da kunnenta, za ta tashi.

Aka buga ƙarfe, aka fara ibadar Mas. Ina ta kallon Malam Sale ina jiran ya miƙe. Ya ja waƙa, ya yi karatu, ya koma ya zauna, littafin sanarwarsa a kan cinya. Na daɗe ba na nan, na manta yadda ake yi. A cocinmu ba a sanarwa sai an gama Jibi. Fada bai kawo wannan a ransa ba. Malam Sale ya sani sarai. Inna ma ta sani.

Da aka fara layi na kama gefen zanenta.

"Inna, tashi. Fada da kansa ya faɗa."

"Je ka karɓi naka."

"Don ke na zo."

"To ka yi kuskure. Je ka, mutane na kallo."

Na tafi. Na bi ta tsakiyar coci, mata suna nuna ni da baki. Fada ya ɗora mini gurasar a harshe. Bayan mutum na ƙarshe ya tsaya ya miƙa wuya yana duban bencin baya. Ya ɗan jira. Inna ta sunkuyar da kai. Ya juya ya cinye saura, ya goge ƙoƙon, ya rufe.

Sannan Malam Sale ya miƙe da littafinsa. Ya yi maganar taki. Ya yi maganar aikin gayya a gonar coci ranar Laraba. Ya kira sunana, ya ce ɗan da ya ɓata ya dawo, aka yi tafi, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Ya faɗi akuyar wani da ta ɓata, mai farin goshi. A ƙarshe, yana rufe littafin, ya kira sunan Inna, ya ce Asibi matar marigayi Istifanus, Fada ya ce za ta iya komawa karɓar Jibi. Ya zauna.

Kafin a gama waƙar fita hadari ya haɗo daga gabas. Mutane suka watse da gudu, masu shanya su kwashe, masu dabbobi su ɗaure. Na sami Fada yana ɗaure jaka a bayan babur, sauran ƙauye biyu na jiransa. Ya ce yana da gurasar marasa lafiya a ɗan akwati, a kawo Inna yanzu, ko shi ya bi mu gida. Ya koma cikin cocin da kansa, ya tsuguna a gabanta. Ba kowa a ciki sai mu huɗu da Ɗanasabe.

"Mama, Yesu ɗaya ne, da mutane da ba mutane," ya ce.

"Na sani, Fada. Amma ba zan karɓa a ɓoye kamar mai sayen burkutu ba. Ta tsakiyar nan nake so in bi, kowa yana zaune."

Ya roƙe ta, Ɗanasabe ya roƙe ta. Ta tambayi Fada yaushe zai dawo. Ya ce in rafi ya janye, cikin Oktoba. Ta ce Allah ya kai mu. Ni da Ɗanasabe ba mu dubi juna ba. Mun san abin da likita ya ce, kuma tana ɗakin lokacin da ya faɗa.

A bakin ƙofa Malam Sale ya tare ni, ya miƙo hannu, ya ce barka da dawowa, in zo koyon waƙa ranar Asabar. Na ba shi hannu biyu, na rusuna, yadda aka koya mini.

Daga coci zuwa gidanmu ba nisa, amma sau uku Inna ta tsaya tana dafa kafaɗata. An fara yayyafi. A tsayawa ta uku, da numfashinta ya dawo, ta tambaye ni ko gurasar har yanzu tana mannewa a saman baki.

Na ce tana mannewa.

Ta ce to, mu je, ruwa zai jiƙa mata zane.