Ranar da Ƙarfe Ya Ƙare a Layinmu

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don ni ko a gida sai an tambaye ni nake magana. Amma abin ya ƙi barin kaina. Daren jiya na yi wani mafarki, kuma wurin aikinmu ya kai ni.

A kamfanin fentin hoda nake aiki, irin wanda ake fesa wa ƙarfe sannan a gasa. Doguwar sarƙa ce a sama tana tafiya da ƙugiyoyi, ita muke kira layi. Ni nake rataya ƙafafun kujeru da tagogi, sarƙa ta kai su wanki, ta kai su ɗakin feshi, ta shige da su tanderu. Yayana Sallau ne mai feshi, shi ya samo mini aikin. Tun damina yake tari, kuma abin da yake tofarwa launin fentin ranar ne. In an ce ya je asibiti sai ya ce wa zai riƙe masa bindigar feshi.

A mafarkin komai yana nan yadda na san shi, sai dai Oga bunsuru ne. Yana tsaye a kan tebur da hular kwano, yana tauna safar hannun wani. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tuna mini dokar layi: sarƙa ba ta tsayawa, ƙugiya ba ta wucewa wayam. In tanderu ya ci wuta ba kaya a ciki asara ce, kuma a wuyana take.

Fentin ranar kore ne. Hodar ba ta zuba ƙasa, sama take tashi kamar yayyafi ya yi ɓatan kai, tana neman hancin duk mai tsayi. Ina ta ratayawa har ƙarfe ya ƙare. Sai na rataya bokiti, na rataya tsintsiya, na ciro ƙofar banɗaki na rataya. Takalmana ma suka tafi.

Sai ga ni a ofis, gaban wata akuya mai tabarau. Na buɗe baki in ce a tsayar da layi, hoda ce ta fito. Akuyar ta kaɗe tabaraunta, ta ce magana a lokacin aiki tana rage wa sarƙa gudu. Ta kuma sanar da ni cewa jan maɓallin nan na tsayar da layi an shafe shi da kore tun safe, saboda ba a haɗa launi biyu a layi ɗaya.

Na koma wurina. Ƙugiya tana tahowa tana lilo, ba abin da zan sa mata. Sallau ya fito daga ɗakin feshi, girarsa kore, ya tsaya a gabana.

"Hansatu, rataye ni."

Na girgiza kai.

"Haba 'yar ƙanwata, so kike a kore ki? Ni na kawo ki, ni zan ji kunya. Ki kama ni ta bayan kwala, inda tabon ƙugiya ba zai fito ba."

Na ɗaga shi. Bai fi gwangwanin madara nauyi ba. Hannuna ya yi aikin da ya saba, na ma gyara masa tsayuwa don ruwan wanki ya tsiyaye sosai. Da sarƙa ta ja shi ya waiwayo ya ce in gaya wa Inna kada ta ajiye masa tuwo.

Na ɗauka tunda ba mai feshi dole layi ya tsaya. Ashe tarinsa ya zauna a ɗakin, shi ne riƙe da bindiga. Ya bi Sallau sama da ƙasa a natse, bai bar ko bayan kunne ba.

Na yi ta gudu ina shafa bango ina neman maɓalli. Bango kore, ƙasa kore, tafin hannuna kore. Duk abin da na danna sai sarƙa ta ƙara sauri. Ina ji zafin tanderu ya daki fuskata lokacin da ya shige.

Ya fito ta ɗaya gefen sumul, yana ƙyalli, idonsa a buɗe ƙarƙashin fenti. Ba ya tari. Oga ya ƙwanƙwasa ƙirjinsa da kofato, ya lasa, ya ce ba tabo ba kumfa, rabon da layi ya fitar da kaya mai kyau haka an jima. Awaki suka naɗe shi a leda suka jingina shi cikin tagogi. Sannan Oga ya dubi ƙugiyar da ke tahowa, ya dube ni.

"Yarinya, wa kuma gare ki a gida?"

Ƙarar bokitin maƙwabciyarmu a bakin famfo ce ta tashe ni.

Da gari ya waye na riga Sallau fita. Na hau bayan babur ɗinsa yadda na saba, sai dai makullin yana cikin hijabina. Ya lalube aljihunsa, ya lalube ɗaki, ya dawo ya ga yadda nake zaune. Ya tambaya ko aljanu ne suka shafe ni da sassafe. Ban iya kallonsa ba, tankin mai nake kallo, na ce asibiti za mu fara zuwa. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, har ya dafa bango.

"Layin fa, Hansatu?"

"Ya tsaya, Yaya."

Sai da ya rantse mini sannan na miƙa masa makullin. A mararraba ya rage gudu ya daɗe yana kallon hanyar kamfani, ni kuwa na damƙe rigarsa da hannu biyu har ya karya kan babur ya ɗauki hanyar asibiti.